Kora da Makero a Dagumawa: Man Shafawar da Ke Karya Garkuwar Jiki

Duk wanda ya lura da kawunan yara a makarantun allo da na boko na Dagumawa da sauran garuruwan ƙasar Wudil, ba zai rasa ganin wannan zagayayyen farin tabo ba, wanda muke kira kora in a ka ya fito, makero kuwa in a jiki ne. Kuma saboda yawan ganinsa tun muna ƙanana, har mun mayar da shi wani ɓangare na ƙuruciya, alhali kuwa cuta ce mai sababi sananne. Wata halitta ce daga dangin naman gwari take haddasa ta, wadda ido ba ya iya gani, abincinta kuwa matacciyar fatar sama da gashi da farce.

Mas'alar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce dalilin da ya sa wani yake warkewa cikin 'yan makonni, wani kuma ya shekara da shekaru yana susa. Binciken likitoci ya nuna cewa daga cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wani jinsi da ake kira T, wanda in ya gane baƙon da ya shigo sai ya tara rundunarsa a wurin, fatar ta yi ja, ta ɗan kumbura, ta riƙa saɓa da sauri fiye da al'ada, har ta yar da cutar tare da ɓawonta. Amma waɗanda cutar ke daɗewa a jikinsu, galibi wannan martani nasu rarrauna ne, jikinsu ya fi karkata ga samar da sinadarin IgE, wanda aka sani a ciwon asma, shi kuwa ba ya kawar da cutar daga fata. Hujjar haka tana kusa da mu ainun. Makiyayi ko mai hulɗa da shanu a karar Wudil, in ya ɗauki nau'in da ke jikin maruƙa, wato Trichophyton verrucosum, wurin yakan tashi ya kumbura har da mugunya, domin jiki ya ɗauke shi baƙo na haƙiƙa, kuma sau da yawa wannan faɗa mai tsanani shi ke kawo ƙarshen cutar, ko da yake yakan bar tabon da gashi ba ya sake tsirowa. Nau'o'in da suka saba da ɗan Adam kuwa, irin su Trichophyton soudanense da Microsporum audouinii da suka yawaita a kawunan yaran Afirka ta Yamma, sun iya zama lami lafiya ba tare da tayar da garkuwa ba, suna bin aska da mataji da hula da tabarma daga wannan yaro zuwa wancan.

A nan ne damuwata take. Man shafawar nan mai haɗin magani biyu ko uku, wanda ake saya a kantin magani ba tare da takardar likita ba, yawancinsa yana ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, kamar betamethasone ko clobetasol, aikinsa kuwa shi ne danne martanin nan da muka bayyana. Ja ya kwanta, ƙaiƙayi ya lafa, uwa ta yi hamdala. Amma misalin abin kamar a ɗaure maigadi ne don ihunsa ya hana barci, alhali ɓarawo yana cikin gida. Tun a 1968 likitoci biyu na Ingila, Ive da Marks, suka bayyana yadda irin wannan shafe yake sauya kamannin makero har ya ɓace wa likita kansa. A Indiya kuwa, inda aka yi ta shafa waɗannan mayuka ba ƙaidi, wani nau'i ya bazu wanda sau da yawa ba ya jin maganin terbinafine, aka raɗa masa suna Trichophyton indotineae a 2020, kuma ya riga ya tsallaka Turai da Amurka. Mayukan bilicin da suka shiga ɗakunan matanmu, har ana shafa wa jarirai, da yawansu wannan sitiroyid ɗin ne a ciki.

Kora ta kai ba ta jin shafe ko kaɗan, domin cutar tana cikin silin gashi inda mai ba ya isa; maganin sha take buƙata, kamar griseofulvin da ake amfani da shi tun 1958, a kuma jure shansa mako 6 zuwa 8 bisa umarnin likita. Baligi kuma wanda makero ya mamaye masa jiki ya ƙi tafiya, wajibi ne ya je Babban Asibitin Wudil ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a auna shi, domin ciwon suga da cuta mai karya garkuwar jiki suna iya fara bayyana ta wannan fuska.

Ina roƙon malaman tsangaya da shugabannin firamare su riƙa duba kawunan ɗalibansu, a yi wa masu cutar magani lokaci guda, tunda jinyar yaro ɗaya cikin ɗakin da goma ke kwana ba ta da fa'ida mai ɗorewa. Wanzamai da masu shagon aski su tsarkake kayan aikinsu tsakanin kai da kai. Hukumar NAFDAC da Majalisar Masu Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya kuma su tabbatar ba a miƙa wa kowa man da ke ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi a kantunan Wudil da ƙauyukanta sai da takardar likita.