Abin da ke ƙarƙashin shimfiɗar 504

Mai sayen tsohuwar mota yakan fara da inji. Sai ya saurari ƙararsa, ya duba hayaƙi, ya shafa fenti, kana a shiga ciniki. Kaɗan ne ke durƙusawa su ɗaga shimfiɗar da ake ɗora ƙafa, alhali ga Peugeot 504 a nan ne hukunci yake.

An fito da wannan mota a Faransa cikin 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai a 1969, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975. Cikin wannan shekara kuma aka buɗe masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da barin ƙera ta. Yau an daina yin ta ko'ina. Wadda ta ruɓe ta tafi ke nan.

Ƙaramar 504 da doguwar ta iyali ba su da shasi na dabam irin na kamiyo. Jikin da daɓen ƙarfen nan na ƙasa a haɗe suke, su ke ɗauke da nauyi. A jikin daɓen aka ɗaure kujeru, ta ƙarƙashinsa kuma bututun mai da na birki suka bi. In ya huje, hayaƙin salansa yana iya shigowa ciki, ga shi gubar da ke cikinsa ba ta da wari: sai ciwon kai da gyangyaɗi su kama mai tuƙi tsakanin Maraɗi da Damagaram, ya ɗauka gajiya ce.

Za a ce ina tsatsa a ƙasar da ruwa bai wuce wata uku ko huɗu ba? Wasu motocin da ita suka zo. Waɗanda suka shigo ta Kotonu, suka biyo Gaya da Doso, sun sha gishirin da Turawa ke watsa wa hanya lokacin ƙanƙara, suka ƙara da iskar teku. Sauran kuwa aikin gida ne: robar gilashi da rana ta ƙona tana ɗigo da damina, ƙura ta toshe kafofin fitar ruwa, buhun kanwa ko na gishiri ya kwana ciki, rago ya yi fitsari a hanyar kasuwa. Shimfiɗar roba ta rufe damshin, ƙarfe yana ciwuwa ba mai gani.

Gyaran da ya fi yawa a gareji shi ne a ɗora fallen ƙarfe bisa ramin, a ɗiga walda, a shafe da mastik da kwalta. Yana da araha, yana da kyan gani ranar sayarwa. Amma ruwa na samun mazauni tsakanin sabon ƙarfe da tsoho, tsatsar ta ci biyun.

Aikin ƙwarai ya fi haka cin lokaci. Ana fidda kujeru da shimfiɗa, a cire batir, a kawar da bututun mai daga inda wuta za ta bi. Mota ta sha ƙonewa ƙurmus saboda an yi ganganci da wannan. Sannan a yanke ruɓaɓɓen wuri har a kai ga ƙarfe mai haske, ko da ramin ya ninka yadda aka zata. Sabon falle kaurinsa ya zama kusan milimita 1, a buga masa kwari irin na asali, don su ke hana shi lanƙwasa. A haɗa baki da baki, ana walda ɗigo-ɗigo ana bari ya huce, musamman ga mai aiki da karbur, wanda zafinsa ke murɗe siririn ƙarfe. Daga nan a kankare, a shafa maganin tsatsa sama da ƙasa, a toshe haɗin.

Mai saye kuwa ya tafi da sukundireba da ɗan maganaɗisu cikin aljihu. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, mastik ne aka cika. In dillali ya hana a ɗaga shimfiɗa, ko aka tarar da sabuwar kwalta tana ƙyalli ƙarƙashin mota mai shekara 40, to a sa a hau da ita bisa ramin gareji kafin a ƙirga jikka ko ɗaya.