Rigakafin Maleriya a Kebbi: Yadda Ƙwayar Cutar Ke Yaudarar Garkuwar Jiki, da Dalilin Allura Huɗu

A watan Disamba na 2024 ne Najeriya ta fara yi wa yara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna R21, aka kuma fara da jihohin Kebbi da Bayelsa. Zaɓen Kebbi yana da dalili. Binciken ƙasa kan maleriya na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara biyar da aka duba jininsu suna ɗauke da ƙwayar cutar, adadin da ya fi na kowace jiha. A ƙaramar hukumar Bagudo, inda Kogin Neja ya ratsa ga kuma fadamun shinkafa, sauro ba ya rasa ruwan da zai yi ƙwai.

Iyaye da dama suna tambaya: yaron da ya yi ƙyanda sau ɗaya ya rabu da ita har abada, to me ya sa maleriya ke dawowa kowace damina? Me ya sa kuma rigakafinta sai an yi har sau huɗu? Amsar tana cikin halin ƙwayar cutar kanta.

Yadda garkuwar jiki ke aika saƙo

Fararen ƙwayoyin jini su ne masu gadin jiki. Idan baƙon abu ya shigo, wasu daga cikinsu sukan kama shi, su nuna wa sauran kamanninsa, su kuma saki wasu sinadarai da ke zaman saƙo: wani saƙon na cewa a kai hari, wani na cewa a dakata. Bayan an gama faɗa, wasu sukan riƙe kamannin maƙiyin domin gaba. Wannan tunawar ce ke kare wanda ya taɓa yin ƙyanda.

Ƙwayar maleriya, Plasmodium falciparum, halitta ce mai ƙwaya ɗaya daga dangin furotozowa, kuma tana da ƙwayoyin gado sama da 5,000. Ta daɗe tare da ɗan Adam har ta san hanyoyin rikita wannan saƙon.

Dabarunta huɗu

Na farko, ɓuya. Da sauro ya yi cizo, sai ƙwayoyin su wuce hanta, su yi kamar mako guda suna hayayyafa ba tare da zazzaɓi ba. Ƙwaya ɗaya kan haifi dubbai. Daga nan sai su shige cikin jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ba su da alamar da sauran ƙwayoyin jiki ke ɗagawa don sanar da masu gadi cewa wani abu ya shige su.

Na biyu, sauya riga. Ƙwayar cutar kan fito da wani sinadari mai suna PfEMP1 a bayan jan ƙwayar jinin da ta shiga. Tana da irinsa kusan 60, amma ɗaya take sawa a lokaci guda. Kafin jiki ya gama gane wannan rigar, wasu sun sauya wata. Makiyaya sun san irin wannan taurin kai a cutar sammore da tsando ke sa wa shanu, domin ita ma da sauya riga take daɗewa a jini.

Na uku, manne wa jijiya. Saifa ita ce matatar jini, tana tsame ƙwayoyin da suka lalace. Don guje mata, jajayen ƙwayoyin da suka kamu sukan manne a bangon ƙananan jijiyoyi. Idan a ƙwaƙwalwa suka manne, yaro kan yi jijjiga ko ya suma. Idan a mabiyiya ne, mai ciki kan yi ƙarancin jini, jariri ya zo ba nauyi. Abin ya fi tsanani a cikin fari, saboda jikin mace bai taɓa ganin rigar da ƙwayar ke sawa a mabiyiya ba.

Na huɗu, saƙon ƙarya. A 2017 masu bincike a Jami'ar Osaka ta Japan sun nuna cewa wasu sinadaran ƙwayar cutar da ake kira RIFIN suna taɓa wani makunni a jikin fararen ƙwayoyin jini, wanda aikinsa shi ne cewa "dakata, wannan na gida ne". Haka kuma yawan kamuwa yana sa jiki ya riƙa sakin saƙon dakatawa da yawa, masu gadi su gaji, masu tunawa su yi rauni.

Abin da wannan ke haifarwa

Kariya daga maleriya tana ginuwa a hankali cikin shekaru, ba ta cika, kuma tana raguwa idan mutum ya daɗe bai haɗu da cutar ba. Shi ya sa babba a Illo ko Kaoje zai iya ɗauke da ƙwayar a jininsa yana harkokinsa lafiya lau, alhali yaro ɗan wata tara tana iya kai shi ga ƙarin jini cikin 'yan kwanaki. Wani bincike da aka yi a Mali, aka wallafa a 2020, ya nuna yadda ƙwayar kan lafa a jinin mutane tsawon rani, 'yar kaɗan ba tare da ta tayar da garkuwar jiki ba, har damina ta faɗi sauro ya sake ɗaukarta.

Inda rigakafin ya shigo

Jami'ar Oxford ta Ingila ce ta ƙirƙiro R21, kamfanin Serum Institute na Indiya yake sarrafa shi, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince da shi a Oktoba 2023. Yana koya wa jiki gane rigar da ƙwayar ke sanye da ita daga bakin sauro, domin a tare ta kafin ta shiga hanta ta fara dabarunta. Wannan taga ce ta ɗan lokaci, don haka sai kariyar ta yi yawa a jini tun kafin cizo. Allura uku na farko, a wata 5, 6 da 7, su ke gina ta. Ta huɗu, a wata 15, tana ɗaga ta bayan ta fara sauka. A gwajin da aka yi a yankunan da maleriya ke zuwa da damina, ya rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin 100 a shekarar farko. Yaron da aka tsaya masa a allura ɗaya ko biyu bai samu wannan ba.

Matsalar kan iyaka

Mutanen Bagudo da na Segbana a Jamhuriyar Benin suna cin kasuwa ɗaya, suna auratayya, makiyaya suna ƙetarawa ta Tsamiya da Lolo. Benin ta fara nata rigakafin a Afrilu 2024 da wani nau'in mai suna RTS,S, bisa nata jadawalin. Yaron da aka fara wa a nan, uwarsa ta tafi wankan jego ko kiwo can, yana iya ɓacewa tsakanin rajista biyu. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ƙarasa da nau'in da aka fara idan akwai, idan babu a ƙarasa da ɗayan, kuma ba a komawa farko. Wannan ba ya yiwuwa sai da katin rigakafi a hannu. Ya kamata hukumomin lafiya na ɓangarorin biyu su riƙa karɓar katin juna, su kuma daidaita lokutan aikinsu.

Shawara ga iyaye

- A cika allura huɗu. Idan lokaci ya wuce, a je a ci gaba daga inda aka tsaya.
- A tafi da katin yaro duk inda za a je.
- A ci gaba da kwana cikin gidan sauro, a kuma karɓi maganin damina da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata.
- Mai ciki ta fara awo da wuri, ta sha maganin kariya na SP aƙalla sau uku daga wata na huɗu.
- Zazzaɓi ko bayan rigakafi yana buƙatar gwajin jini a cikin awa 24, kuma a shanye maganin kwana ukun duka.
- Jijjiga, kasa shan nono, amai ba tsayawa, ɗashewar tafin hannu ko barci mai nauyi: a garzaya asibiti nan take.

Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuri'a.