Reslin: Masu Biya Da Masu Jiran Gari Ya Waye

 

Wani musu da aka daɗe ana tafkawa a ɗakin kwananmu na jami'a ne ya jawo rubutun wannan mako. Mu huɗu ne a ɗakin, biyu daga cikinmu mayun reslin ne. Na farko duk wata sai ya yanki wani abu daga ɗan kuɗin da ake turo masa daga gida ya biya kuɗin kallo, don ya ga wasa a wayarsa a daren da ake yin sa. Na biyu kuwa ya rantse ko sisinsa ba za ta yi ciwon kai ba. Barcinsa yake sha, gari ya waye ya buɗe YouTube ya ga yadda aka kaya. Kowannensu yana yi wa ɗan'uwansa kallon marar wayo. Na san a cikinku ma akwai irin waɗannan biyun, shi ya sa na ce bari mu baje maganar a faifai.

Hujjar farko da mai ƙin biya yake jefowa ita ce, "Ai shiri ne." Kuma gaskiyarsa. Tun kafin a hau dandamali an san wanda zai yi nasara. Kamfanin WWE da kansa ya amsa haka a 1989 a gaban 'yan majalisar jihar New Jersey ta Amurka, lokacin da yake neman a daina ɗora masa dokokin da ake ɗora wa wasanni irin su dambe. Sai dai wannan hujja ba ta taɓa hana kowa kallo ba. Labarina ma rubuta shi aka yi, amma ku dubi yadda ake ƙagara a ga kashi na gaba. Kuma duk da an tsara wanda zai ci, faɗowar ƙato daga saman tsani ta gaske ce, karaya ma ta gaske ce. Shi kansa mai cewa shiri ne, ai shi ne yake riga kowa buɗe waya da safe.

Don a gane dalilin da ya sa wasu ke biya, sai an koma yadda abin yake a da. Kafin 2014, Ba'amurken da ke son ganin babban wasan wata sai ya saye shi shi kaɗai ta talabijin, a kan dala 45 zuwa 55. WrestleMania, wadda ita ce babbar sallar 'yan reslin, takan kai dala 60 zuwa 70. Ana yin irin waɗannan manyan wasanni kusan goma sha biyu a shekara. Ku ɗauko biro ku lissafa: wanda ya ce ba zai bari ko ɗaya ya wuce shi ba, sai ya kashe sama da dala 500.

Ranar 24 ga Fabrairu, 2014, sai kamfanin ya buɗe tasharsa ta intanet mai suna WWE Network a kan dala 9.99 a wata, kimanin dala 120 ke nan a shekara. Da wannan kuɗin za ka ga duk manyan wasanni kai tsaye, ga kuma rumbun tsofaffin wasanni na shekaru aru-aru, na su Hulk Hogan da Bret Hart da The Rock. Ga wanda ya saba biyan 500, wannan kamar tsintuwa ce. A lokacin WrestleMania ta 2018 masu rajista sun haura miliyan 2, idan aka haɗa da masu gwajin kyauta. Amma tun a wancan lokacin aka lura da wata ɗabi'a: mutane da yawa sukan yi rajista gab da WrestleMania, da an gama su janye, sai kuma baɗi. Daren guda suka zo saye, sauran watannin ba su dame su ba.

Me ke cikin daren guda da har za a biya masa kuɗi? Ni kaina na san amsar tun ina firamare, ta hanyar da ba ta yi mini daɗi ba. Ranar 6 ga Afrilu, 2014, a birnin New Orleans, Brock Lesnar ya kayar da Undertaker a WrestleMania ta 30. Kafin wannan dare Undertaker ya yi wasa 21 a WrestleMania ba a taɓa cin sa ba. Waɗanda suka gani kai tsaye sun ga yadda dubban mutane suka yi tsit a fili, wasu sun riƙe kai, wasu baki buɗe. Ni kuwa sai bayan makonni aka turo wa yayana wasan a waya, alhali duk yaran layinmu sun riga sun ba ni labari tun daga farko har ƙarshe. Na kalla, amma kamar mai cin tuwon da ya kwana ba a ɗumama ba. Duka iri ɗaya, faɗuwa iri ɗaya, sai dai ƙirjina bai buga ko sau ɗaya ba.

To wannan bugun ƙirjin shi ne hajar da ake sayarwa. Sakamakon wasa kyauta ne, cikin minti biyu ya cika Facebook da WhatsApp. Gutsattsarin wasan ma kyauta ne, don kamfanin da kansa yake ɗora su a shafinsa na YouTube, wanda mabiyansa suka haura miliyan 100 tun a 2024. Abin da ba a samu kyauta shi ne ka zauna ba ka san abin da zai faru ba, a daidai lokacin da sauran duniya ma ba ta sani ba. Abokina mai biya wannan yake saye, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai dai a 'yan shekarun nan masu biya a Amurka sun fara guna-guni, kuma suna da dalili. A 2021 aka rufe WWE Network a can, aka mayar da kayanta manhajar Peacock. A Janairu 2025 shirin Raw, wanda ake yi duk Litinin tun 1993, ya koma Netflix, a wata yarjejeniya ta dala biliyan 5 na shekara goma. SmackDown tana tashar USA Network, NXT tana tashar CW. A Satumba 2025 kuma manyan wasannin wata suka koma ESPN, wadda manhajarta ke cin dala 29.99 a wata, ninki uku na abin da aka fara biya a 2014. Abin da a da ake samu da makulli ɗaya, yanzu sai an bi ƙofa huɗu. Idan kuma mutum yana son kamfanin AEW, wanda Tony Khan ya kafa a 2019, shi har yanzu ɗaya bayan ɗaya yake sayar da manyan wasanninsa, a kan kusan dala 50 kowanne. Mai son na Japan yana da nasa kuɗin daban a NJPW World. Kamar a ce littafin lissafinku an yayyaga shi, babi na ɗaya a wannan shago, babi na biyu a wancan, kuma kowane mai shago kuɗin cikakken littafi yake so. Da yawan waɗanda suka daina biya suna nan suna son reslin, gajiya suka yi da bin ƙofofi.

Akwai wata hujja da abokina marar biya ya kawo wadda ta sa na yi shiru na ɗan lokaci. Ya ce ko ya biya ko bai biya ba, Netflix za ta ba WWE kuɗinta na shekara, kimanin dala miliyan 500, don an riga an sa hannu. Saboda haka kuɗinsa ba za su ƙara wa Roman Reigns ko loma ɗaya ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Yawan masu kallo ne zai sa a sabunta yarjejeniya ko a watsar da ita. Sannan maganar tasa ba ta hau kan ƙananan kamfanoni ba, waɗanda kuɗin 'yan kallo ne abincinsu kai tsaye. Mu nan mun ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifan finafinan Hausa, har masu shiryawa suka koma YouTube da tashoshin talabijin. Wanda ya kalli abin da mai shi ya ɗora kyauta bai ci haƙƙin kowa ba. Wanda ya bi shafukan sata kuwa lissafinsa daban ne. Kuma ko don lafiyar waya ya kamata ku guje su: tallace-tallacen caca da hotunan banza ne ke faɗo wa mutum, wasu ma su ce sai ka sauke wata manhaja da ba ka san abin da za ta kwasa a wayar ba. Galibinku kuma wayar ta Mama ce ko ta Yaya.

Yanzu mu dawo gida, don lissafinmu ya bambanta da na Ba'amurke. A yankinmu tashar SuperSport ta DStv ce ta daɗe tana nuna wasannin WWE, kuma muna da namu a ciki da muke so mu gani: Omos haifaffen Legas, wanda ya kara da Brock Lesnar a WrestleMania ta 2023, da Oba Femi, ga kuma Kofi Kingston haifaffen Ghana da ya ɗauki kambun WWE a 2019. Matsalar ita ce agogo. Wasan da aka fara ƙarfe 8 na dare a New York, a Kano ƙarfe 1 ne na dare, a watannin sanyinsu ma ƙarfe 2. Wato Raw ta Litinin, a wurinmu tsakar daren Talata ce, kuma kafin a tashi an kusa kiran assalatu. Ƙarfe bakwai da rabi kana layin taron safe kana gyangyaɗi. WrestleMania kuma takan faɗo a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, daidai lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke fama da shirin JAMB da WAEC.

Ga kuma data. Kuɗin wata daban, kuɗin data daban. Netflix da kanta ta ce kallon awa ɗaya yakan ci kusan giga ɗaya a hoto matsakaici, ya kai giga uku idan hoton tangaran ne. Babban wasa kuma yakan wuce awa uku. Dala ɗaya ta haura naira dubu, don haka wancan dala 30 da Ba'amurke ke ƙorafi a kai ta wuce naira 30,000 a wurinmu. Ba a ma yi maganar wuta da cajin waya ba.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Ɗan sakandare da ya tara kuɗin tara ya biya kallon reslin na wata-wata, ya sayi abin da ba zai mora ba, domin hajar ita ce kallo kai tsaye, shi kuma a wannan lokacin barci ya kamata ya yi. Idan akwai tashar a gidanku, ana maimaita wasannin, ku jira Asabar. Idan babu, abin da kamfanin ya ɗora kyauta ya isa a bi labari. In kuma akwai wani dare guda da ranku ya biya ƙwarai, ya faɗo a lokacin hutu, ku nemi izinin iyaye ku haɗu gidan da ke da tashar, da sharaɗin kowa ya kashe data tun da yamma don kada wani ya ɓata wa sauran.

Af, na kusa mantawa da yadda musun ɗakinmu ya kwana. Ranar 13 ga Disamba, 2025 John Cena ya yi wasansa na ƙarshe a birnin Washington, shi da Gunther. Abokina mai biya ya yi shiri tun da rana: ya cika waya da caji, ya sayi data, ya dafa shayi mai kauri ya zuba a fulas. Ƙarfe biyu na dare ya zauna a kan katifa ya jingina da bango, abin ji a kunne. Ya ga wasannin farko. Da asuba muka same shi a zaune yana minshari, wayar ta zame kan cinyarsa, shayin ko rabi bai sha ba. Marar biyan ne ya tashe shi salla, kuma kafin ya gama mutstsike ido ya ce masa, "Malam, tashi, mutuminka fa ya miƙa wuya."

Kwana biyu ba su yi magana ba. Da watan ya ƙare kuma ya sake biya.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.