KIMIYYAR GASKIYA: A ZUCIYA AKE HURA WUTARTA

Duk wanda ke zama majalisun samari, daga Gesse a Birnin Kebbi har Argungu, ya san hirar da ta fi cin kasuwa: yaya za a yi a fashe dare ɗaya? Wani ya ajiye karatu ya nufi ramukan zinariya na ƙasar Yawuri. Wani ya sayar da babur ɗin da yake ci da shi ya kai wa mai alƙawarin ninka kuɗi, wani kuma yana bin wanda ya ce yana da hatimin buɗi. A ƙarshen 2016 MMM, mai alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe da dukiyar bayin Allah. A 2025 CBEX ta maimaita. To wannan ciwo tsoho ne, har suna yake da shi a littattafan magabata: kimiyya.

A yau in aka ce kimiyya, sai hankali ya tafi ga makarantar boko da ɗakin gwaje-gwaje. Amma a asalinta kalmar tana nufin sana'ar masu neman mayar da ƙarfe mai arha, kamar dalma ko jan ƙarfe, ya koma zinariya. A littattafan da ake jingina wa Jabir bin Hayyan an ɗauka cewa duk ƙarafa daga zaiba da farar wuta suke, bambancinsu a tsarki ne da ma'auni, saboda haka in aka samu wani sirrin magani da suke kira iksiri, za a iya warkar da dalma daga cutarta ta zama zinariya. Ba a raina wahalarsu ba, don a hanyar ne aka ƙware wajen tacewa da turarawa da narkarwa, waɗanda ilimin sinadarai ya gada. Sai dai zinariyar ba ta fito ba.

Tun a lokacin akwai malaman da suka ja kunne. Ibn Sina ya tafi a kan cewa iyakar mai wannan sana'a ya rina ƙarfe ya yi kama da zinariya, amma asalinsa yana nan. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware babi a Muƙaddimarsa yana warware ta, ya nuna galibin masu bin ta mutane ne da neman abinci ta hanyar sana'a ya yi wa nauyi, wasunsu kuma ƙarshensu shafa wa ƙarfe ruwan zinariya su cuci jama'a. Ilimin zamani ma bai ba maras haƙuri mafita ba. A 2025 masu bincike a cibiyar CERN da ke Turai sun bayyana cewa na'urarsu ta mayar da dalma zinariya, amma abin da ya samu a shekaru huɗu, 2015 zuwa 2018, ido ba ya ganinsa, sikelin maƙeri ba ya jin sa, kuma kafin ƙiftawar ido ya tarwatse. Ƙasar nan kuwa ta ga juyin abin: a 2010 gubar dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. An je neman zinariya, aka kwaso dalma aka kai cikin gida.

Shin ke nan babu kimiyya? Akwai ta, amma ba a tukunyar narki ba. Imam Gazali (RH) shi ne babban malamin makarantar Nizamiyya a Bagadaza, yana da ɗalibai ɗaruruwa da kusanci ga masu mulki. A 1095 ya binciki niyyarsa, ya tarar neman suna da girma ya cuɗanya da karantarwarsa, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi. Ya bar kujerar, ya nufi Sham da Baitul Muƙaddas da Makka, ya shafe kimanin shekara 11 kafin ya koma karantarwa a fili. Daga wannan gwagwarmaya da rai ne Ihya'u Ulumiddin ya fito, sannan ya taƙaita shi da Farisanci ya raɗa masa suna Kimiya'us Sa'ada, wato kimiyyar samun tsira. Manufarsa a fili take: dalmar ita ce ran ɗan Adam da kwaɗayinsa da fushinsa da makircinsa, zinariyar kuwa zuciya ce da ta san Ubangijinta. Shi ya sa ya fara da sanin kai kafin komai.

Ba sai an je Bagadaza ba. Fadar Sarkin Gwandu da ke Birnin Kebbi sunan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo (RH) take ɗauke da shi. Shi ya jagoranci rundunar da ta shiga Birnin Kebbi a 1805, amma ba a jima ba, wajen 1807, da ya ga wasu daga cikin jama'a sun karkata ga ganima da sarauta da dawaki, sai ya bar runduna ya kama hanyar gabas da niyyar Makka, kamar yadda ya ba da labari a Tazyinul Waraƙat. Mutanen Kano suka riƙe shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, sannan ya komo. Abin lura a nan babba ne. Mutanen da suka yi hijira, suka ga yunwa da yaƙi, su ne duniya ta iya ruɗar wasunsu bayan nasara. Ashe shiga sahu ba ya mayar da dalma zinariya. Ana iya sanya farar riga, a tsayar da gemu, a haddace kalmomin wa'azi, alhali ruwan zinariya ne kawai aka shafa a kan jan ƙarfe.

To yaya aikin yake? Maƙerin zinariya ya isa malami. Na farko, ba ya aiki sai da wuta. Wutar matashi ita ce abin da ransa ba ya so: tashi Asuba a sanyin hunturu, azumin nafila, runtse ido daga abin da waya ke kawowa, haɗiye fushi lokacin da yake da ikon ramawa. Suratur Ra'ad ta buga misali da kumfar da ke tasowa a kan ƙarfen da ake narkarwa, wadda ake yarwa, mai amfanin ya zauna. Saboda haka ɗan'uwan da ya fara gyara sai ya ga aibobinsa suna tasowa, kada ya karaya. Alamar wuta ta kama ke nan.

Na biyu, lokaci. Manomin fadamar Rima ya san shinkafa ba ta nuna don an matsu. Sai ta cika watanninta, a yanke, a casa, a sheƙe. Duk wanda ya ce yana da wuridin da zai mayar da mutum waliyyi ko attajiri cikin kwana bakwai, a kuma biya shi, to ɗan'uwan mai ninka kuɗi ne, rawani kawai ya ƙara.

Na uku, malami. Ba a koyon ƙira daga nesa, sai an zauna gindin zugazugi. Matashi na bukatar malamin da zai iya ce masa ya yi kuskure, wanda aikinsa bai saɓa wa maganarsa ba, ba guntayen wa'azin intanet kaɗai ba.

Na huɗu, dutsen gwaji. Mai sayen zinariya ba ya yarda da sheƙi, sai ya goga ta a dutse. Dutsen gwajin mumini mu'amala ce. Yana biyan bashi a kan lokaci? Mudunsa a kasuwa cikakke ne? Mahaifiyarsa ta ga sauyi a muryarsa? Wanda suka saɓa fahimta ya tsira daga harshensa? Mutanen Kabi sun ga irin wannan juyi a tarihi: a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan gabar da ta haura shekara ɗari, aka tarbe shi da su, wanda daga nan bikin kamun kifi ya samo asali. Mayar da gaba zumunci ya fi mayar da dalma zinariya wuya, amma ya yiwu.

Wani zai ce wannan wa'azin mai ƙoshi ne, matashi na fama da rashin aiki. Gaskiya ne talauci na cizo, kuma masu riƙe da amanar jama'a za su amsa tambaya a kansa. Amma ba a ce a bar nema ba. Noma da su da ƙira da kasuwanci duk suna cikin aikin, don a cikinsu ake gane mai haƙuri da mai amana. Abin da ake gudu shi ne yunwa ta miƙa saurayi ga macuci, ya rasa jari, ya rasa imani. Hadisi ya kwatanta mutane da ma'adinai irin na zinariya da azurfa. Ke nan arzikin yana binne a ƙirjin matashi, haƙa da tacewa suka rage masa.

Allah Ya tsarkake zukatan matasan Musulmi, Ya wadata su da halal, Ya kare su daga sheƙin ƙarya. Amin.