Kaya Guda, Masauki Guda

In saƙon kuɗinka ya maƙale tsakanin Kasuwar Dole da Kano, ba kullum ne laifin waya ba. Wani lokaci cikas ɗin yana cikin na'urar da ke rarraba hanyoyin intanet a gidan sadarwa.

Na'urar tana da alluna da dama, kowanne da iyakar nauyin da yake ɗauka. Ƙa'idar Multilink PPP ta 1996 tana ɗaure layuka biyu ko uku su zama dami guda: a gutsuttsura saƙo, kowane gutsure ya bi layinsa. Ƙa'idar L2TP ta 1999 kuwa tana bi da su ta rufaffiyar hanya. Amma wajibi ne su sauka a allo guda, in ba haka ba, babu mai harhaɗa su.

Fataken Damagaram na zamanin Sarki Tanimun sun san wannan: kayan mutum guda, ko raƙuma goma suka ɗauko, masaukinsu ɗaya. Sai dai in aka kora ayari duka gidan fatoma guda, ya cunkushe, sauran gidaje suna wofi. Dabarar ita ce a raba dami-dami, kada a kwance ko ɗaya.

A 2016 Bankin Raya Afirka ya amince da kuɗin shimfiɗa wayar zaren gilashi, har da hanyar Zinder zuwa Magaria. Madalla. Amma faɗin hanya ba ya maganin ƙuncin masauki. Kafin ka sa hannu a kwangila, tambayi kamfani: in allo guda ya mutu, ina kayana za su sauka?