SHARHI: Wasan Tubabbun 'Yan Daban Japan a Kan Ma'auni



Ya 'yan'uwa masu karatu, wasannin kwamfuta sun daɗe da fita daga sahun kayan wasan yara, sun zama babbar sana'a mai marubuta da masu zane da 'yan kasuwa, wadda hajarta ke shiga ɗakunan matasanmu ba sallama. Duk wanda ya ratsa unguwannin Kano ko Kaduna ko Damagaram ya san rumfunan da samari ke biyan kuɗi su buga PlayStation. Galibi ƙwallon ƙafa ake bugawa a can, to amma na'urar da ta ɗauki ƙwallo ita ce ke ɗaukar wasannin daba da fashi. Saboda haka muka ga ya dace a wannan wata mu ɗora ɗaya daga cikin fitattunsu a kan ma'auni, mu faɗi alherinsa mu faɗi sharrinsa, domin yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba zalunci ne, ko da a kan wasa ne.

Wasan da muke nufi shi ne Like a Dragon: Infinite Wealth, wanda kamfanin Sega na ƙasar Japan ya fitar ranar 26 ga Janairu, 2024. Ci gaba ne na Yakuza: Like a Dragon na shekarar 2020, dukkansu kuma rassa ne na wata silsila da ta faro tun 2005. Irin wasan nan ne da mai bugawa ke shiga rigar jarumi, ya yi tafiya da ƙafarsa, ya yi faɗa da hannunsa, ya tara kuɗi da abokai har labari ya ƙare. Cikin makon farko kamfanin ya ba da sanarwar cewa kwafi miliyan 1 sun fita.

Yakuza kuwa suna ne na ƙungiyoyin manyan masu laifi na Japan. A farkon shekarun 1960 yawansu ya haura 180,000, amma dokar da aka kafa a kansu a 1991, da dokokin ƙaurace musu da suka game ƙasar a 2011, sun karya lagonsu, har ƙididdigar 'yan sanda ta 2024 ta nuna sun gaza 20,000. Sai dai dokokin sun zo da wani ƙulli: wanda ya bar ƙungiya yakan shafe shekara biyar yana shan wahalar buɗe asusun banki, da kama hayar gida, da yin rajistar wayar hannu. A kan wannan ƙulli aka gina labarin wasan, kuma a nan ƙarfinsa na farko yake.

Jarumin, Ichiban Kasuga, mutum ne da ya yi shekara 18 a kurkuku a kan kisan da bai yi ba, don biyayya ga ubangidansa. A wannan kashi mun same shi a birnin Yokohama yana aiki a ofishin samar da aikin yi, yana nema wa tsofaffin 'yan daba sana'ar halal. Kwatsam sai wata tasha ta intanet ta yi masa ƙazafi, jama'a suka yaɗa ba bincike, aka kore shi, waɗanda ya taimaka ma suka rasa abin yi. Daga nan ya nufi Honolulu a tsibiran Hawai neman mahaifiyarsa, inda ya haɗu da tsohon jarumin silsilar, Kazuma Kiryu, wanda ciwon daji ya kama, yake waiwayen rayuwarsa yana lissafin abin da ya shuka. A ƙarshen labari Kasuga ya yafe wa abokin da ya ci amanarsa, ya goya shi a baya har ofishin 'yan sanda domin ya miƙa kansa, alhali taron jama'a na jifansu.

Babu shakka akwai abin lura a nan. Wasan ya nuna cewa al'ummar da ta rufe wa mai tuba ƙofar abinci ita ce ke mayar da shi hannun mugaye, ya kuma nuna yadda ƙarya guda a waya ke rushe mutuncin da aka yi shekaru ana ginawa. Haka nan bai ba mai bugawa damar dukan mai wucewa ko ƙwace motar bayin Allah ba, saɓanin silsilar Grand Theft Auto da aka fi sani a wajenmu. Ta fuskar ƙira ma an samu ci gaba. Faɗan bi-da-bi ne kamar na 2020, amma yanzu jarumi na iya matsawa 'yan taku kafin ya kai hari, ya zaɓi wurin tsayawa, ya yi amfani da abin da ke kusa da shi, don haka dabara ta samu gurbi.

To amma idan aka juya ɗaya gefen ma'aunin, nauyin da ke cikinsa ba ƙarami ba ne. Na farko, labarin ya yi rassa har ya sake. Farkonsa na tafiyar hawainiya, kuma makircin ƙarshe, inda shugaban wata ƙungiyar addini ta bogi mai suna Palekana ke shirin jibge sharar nukiliya a wani tsibiri, ya janye hankali daga tambayar da aka faro da ita, wato makomar mai tuba. Na biyu, an cika shi da ƙananan wasanni, irin su gina wurin shaƙatawa a tsibirin Dondoko, waɗanda kowannensu ke iya cinye gomman sa'o'i. An tsara su ne yadda kullum akwai ɗan lada a gaba, mai bugawa na cewa saura kaɗan har asuba ta riske shi. Na uku, kwaɗayin 'yan kasuwa ya fito fili. Damar sake buga wasan daga farko da ƙarfin da mutum ya tara, wadda a kashi-kashin baya ake bayarwa a ƙasashen Turai da Amurka ba ƙarin ko sisi, an kulle ta sai ga wanda ya biya ƙarin kuɗi, alhali bugun gama-gari kansa ya kai kusan dalar Amurka 70 lokacin fitowarsa a 2024. Masu sha'awar wasan da kansu sun yi tir da wannan.

Na huɗu, wanda ya fi damunmu, shi ne hanyar da wasan ke bi ya isar da darasinsa. Mashaya ce majalisar jarumai, a can ake ƙulla zumunci a kan kofin giya, kuma zumuncin nan shi ke ƙara musu ƙarfi a fagen faɗa. Akwai gidajen caca da ake shiga a zauna a buga karta. Gaskiya ne kuɗin na cikin wasa ne, amma ƙa'idojin cacar na gaske ne, yaro kuma zai tashi ya iya su. Akwai neman mata ta waya da aka mayar abin raha, akwai shigar tsiraici. Sannan duk da labarin na kukan sharrin daba, kusan kowace matsala da naushi ake warware ta, kuma an yi wa shugabannin daba ado da kwarjini da cika alkawari, har yaro ya fita yana sha'awar abin da aka ce ana gargaɗinsa a kai. Bambancin wasa da fim ke nan: mai kallon fim shaida ne, mai buga wasa kuwa da yatsunsa ake aikatawa, kuma a ba shi lada a kai.

Su kansu hukumomin tantance wasanni ba su ɓoye ba. A Turai an yi masa alamar shekara 18, a Amurka kuma alamar M, wato daga shekara 17 zuwa sama. Idan waɗanda ba su haramta giya da caca ba sun ce a nisanta shi da yara, mene ne uzurin uban da bai taɓa duba bayan kwalin abin da ɗansa ke bugawa ba?

Matsayinmu a taƙaice shi ne, alherin da ke cikin wannan wasa na gaske ne, amma an cuɗa shi da abin da ba za mu shawarci kowa ya shigar gidansa ba. Muna kira ga iyaye su koyi karanta waɗannan alamomi, su zauna su ga abin da ake bugawa, su ƙayyade lokaci. Muna kira ga masu rumfunan wasa su ji tsoron Allah game da 'ya'yan mutane, su rufe idan an kira salla. Mu kuma sauran 'yan'uwa, tambayar da wasan ya tayar tana nan a ƙofar gidajenmu: yaron unguwa da ya ajiye wuƙa ya ce ya tuba, wa zai ɗauke shi koyon sana'a, wa zai ba shi jari, wa zai yarda ya tsaya kusa da shi a sahu? Idan muka ƙi shi, tsofaffin abokansa ba za su ƙi shi ba.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya karɓi tubanmu baki ɗaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.