Tazara huɗu ba ta kai a kori mutum ba

Ƴan uwa matasa, yau da masu rubuta manhaja nike, musamman masu aikin sa kai a manhajojin da kowa ke iya buɗe cikinsu ya gyara. Akwai wata cuta da ke cin ƙungiyoyinmu: gardama kan kamannin rubutun kod. Wane ya ce a tura layi da maɓallin Tab, wane ya ce sai tazara huɗu. Wane yana son sunaye da Faransanci, wane da Ingilishi. Sati biyu ana ka-ce-na-ce a WhatsApp, aikin yana kwance.

Ku dubi wanda abin ke faɗa ma. Yaro a nan Dakoro, ko ɗalibi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ya ari kwamfuta, ya sayi forfe da kuɗin abincinshi, ya jira rezo, ya turo gyara mai aiki. Amsar da ya samu? "Ka gyara tazararka." Ba sannu, ba bayani. Yaron nan ba ya sake dawowa. Mu nawa ne duka da za mu riƙa korar juna haka?

Ban ce tsari banza ne ba. Python 3 tana ƙin tashi in aka cakuɗa Tab da tazara barkatai, kuma kod da mutum goma suka rubuta da salo goma wahalar karatu gare shi. Amma manyan ayyuka sun daɗe da kashe wannan wuta. Linux ta rubuta dokarta: Tab mai faɗin harafi 8. Python ta fitar da PEP 8 tun 2001: tazara 4. Dokokin biyu sun saɓa, kuma dukansu duniya na aiki da su. Masu harshen Go suka yi gofmt, ƴar manhajar da ke daidaita rubutun kowa da kanta, Python ma tana da Black. Ashe sirrin shi ne a tsai da doka ɗaya, a rubuta ta, a bar inji ya aiwatar.

Abin da ke ba ni haushi, an bar jaki ana dukan taiki. Gardamar da ta cancanci lokacinmu tana cikin Hausar da muke zubawa a manhajojin. Mu a Nijar muna rubuta "ƴan", a Najeriya suna rubuta "'yan". Ga ido abu ɗaya ne, ga kwamfuta kalmomi biyu ne: in ba a koya mata ba, mai neman ɗaya ba ya ganin ɗayar. Wasu kuma sun watsar da ƙugiya sam, "ƙasa" ta koma "kasa", "ɓata" ta koma "bata". Nan ma'ana ce ke lalacewa. Tun Maris 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Wa zai sa manhaja ta iya ta in ba mu ba? Makiyayin Bermo da ke neman farashin rago a wayarshi bai san Tab ba, amma in rubutun ya rikice shi ne ke asara.

Don haka ga kirana ga duk mai jagorancin aiki. Ka rubuta dokar salo a shafi ɗaya tun ranar farko. Ka sa inji ya gyara tazara kafin ido ya gani. In sabon shiga ya kauce, ka karɓi aikinshi, ka gyara, ka nuna mashi yadda ake yi. Wanda kuma ya shigo aikin wasu, ya bi dokarsu ko ba ta yi mashi ba. Sa'an nan mu zauna da ƴan uwanmu na Katsina da Kano mu sa manhajojinmu su gane "ƴ" da "'y" a matsayin harafi ɗaya.

In ka taɓa mayar da aikin wani saboda tazara, ka neme shi yau ka ce ya sake turowa.